Kifin Da Baltasar Ke Kawowa

Ranar Asabar ce, sha huɗu ga Disamba. Na tashi ƙarfe bakwai saura kwata na tarar matata Odete ta riga ni shiga kicin, tana kankare ɓawon lemu a cikin kwano. Kek take haɗawa. A kan tebur ga safar ƙafa ruwan toka da ta saƙa da hannunta, an ɗaure ta da jan zare. Da kek ɗin da safar duk na Baltasar ne, direban babbar motar da ke ɗauko mana bakalyau, busasshen kifin gishiri, daga Portugal kowace shekara kafin Kirsimeti.

Babu wani Baltasar. Mutum biyu ne suka san haka a duk garin Alesund na ƙasar Norway, ni da 'yarmu Benedita, wadda muke kira Dita. Ita ce ta ƙirƙiro shi, ni kuma na rufa mata asiri shekara shida.

Ƙarfe takwas da minti goma ta bugo waya.

"Baba, Mama na kusa?"

"Tana nan."

"To ka ce, kai madalla, ya iso lafiya."

"Kai madalla, ya iso lafiya."

"Haba Baba, kamar mai karanta lambar mota. Sa ɗan rai mana."

Daga kicin Odete ta ɗaga murya: "Tambaye ta ya gwiwarsa!"

Ƙarfe goma, da gari ya fara haske, na ce zan je sayen ƙwan lantarki. Na saya ɗin, don ba na son ƙarya ta yi yawa, sannan na wuce gidan da Dita ke haya, hawa na uku. Kifin yana shimfiɗe a kan teburinta, busasshe, fari fat da gishiri, nauyinsa kilo huɗu da giram ɗari biyu. Daga masana'antar da take aiki ya fito, tafiyar minti ashirin a bas daga ƙofar gidanmu. Jaridun naɗewa kuwa na Portugal ne na gaske, waɗanda take sayowa a ɓoye duk watan Agusta idan mun je gida hutu. Aikina shi ne in bi kowane shafi da almakashi in yanke kwanan wata. Ni na fara lura da wannan kuskuren a shekarar farko, daga nan aikin ya zama nawa.

Ta naɗe kifin, ta ɗaure da igiya, ta ajiye ƙullin a ƙasa ta taka shi sau biyu don ya yi kama da abin da ya sha tafiyar kilomita dubu uku da ɗoriya. Duk wannan tana yi ne da burodi a baki, da yankan cukun nan mai ruwan ƙasa na mutanen nan, wanda uwarta ke kira sabulun wanki.

Na ce, "Bana me ya samu Baltasar?"

"Ya sayi aku."

"Bara kin ce matarsa ta gudu."

"Shi ya sa ya sayi akun, Baba. Dole mutum ya samu mai yi masa faɗa a gida."

Ƙarfe ɗaya daidai ta buga ƙofarmu da ƙafa, tana rungume da ƙullin, tana haki kamar wadda ta sauke shi daga mota yanzun nan. Odete ta share tebur, ta yanke igiyar, ta buɗe jaridun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga kifin ga hasken taga. Ta lanƙwasa wutsiyar. Ta kai hanci, ta rufe ido.

"Kin ji? Zo ki shinshina, ke mai takardar jami'a. Wannan shi ne kifi, ba katakon da kuke yi a wurin aikinku ba."

Dita ta sunkuya ta shinshina da ladabi. "Gaskiya, Mama, ba za mu taɓa kamo su ba."

"Ai ba laifinku ba ne, 'yar nan. Iskar gida ce ba ku da ita. Shi kuma me ya hana shi shigowa ya sha romo?"

"Jirgin fito zai kama. Ya ce a gaishe ki, ya ce safar bara har yanzu ita ke riƙe da shi."

"Bawan Allah. Gwiwar fa?"

"Da sauƙi. Akun ne dai ke cizonsa."

Na tashi na shiga sito na tsaya a gaban katan ɗin dankali har sai da fuskata ta daidaita.

Ƙarfe biyu muka ci abinci. Ni romon kabeji, kamar kowace rana tun da na yi aure. Odete shinkafa da kifi. Dita ta ci duka biyun, sannan ta ciro daga jaka wainar kifin da ake sayarwa a bakin tashar jirgi, ta ɗora a gefen faranti don kawai ta ga fuskar uwarta.

Ƙarfe huɗu Dona Custodia ta zo karɓar rabonta. Ita ce babba a cikin matan ƙasarmu da ke garin nan, kuma shekara ashirin ita da Odete suna ƙawance irin wanda kowacce ke lura da tukunyar ɗayar. Odete ta yanka mata tsakiya mai kauri, tana cewa, "Namu direban ai ba ya sayen na kanti, wajen wani tsoho yake zuwa." Wannan tsohon ban san da shi ba. Na dubi Dita, ta ɗaga kafaɗa: ba ita ta ƙirƙiro shi ba.

Biyar da rabi na ɗauke ta a mota zan mai da ita gida, kek ɗin Baltasar a cinyarta. Muka tsaya a bakin ruwa inda muka saba, na yanka shi da wuƙar aljihu. Ta ci yanka biyu. Ta ce kanta na ɗan ciwo tun rana, ta ce alhakin Baltasar ne. Na ba ta ƙwaya ɗaya daga akwatin mota.

Bakwai saura minti biyar ta hau bene da safar a aljihun riga da sauran kek ɗin a hannu. Na jira har fitilar tagarta ta kama, na tafi.

Ranar Lahadi ba ta zo coci ba, ba ta ɗauki waya ba. Ina da makullin ɗakinta. Likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a kanta, ya ce ko da a asibiti take da wuya a yi wani abu. Na tambaye shi game da ƙwayar. Ya ce ba ruwanta. Shekarunta talatin da uku.

Tana da shekara tara muka zo ƙasar nan, lokacin da na samu aikin injin jiragen ruwa. A makaranta yara kan ci yankan burodi biyu da sanyinsu ƙarfe sha ɗaya, Odete kuwa ta ce ba za ta tura 'yarta da abincin fursuna ba, sai ta riƙa zuba mata shinkafa mai zafi a filas. Wata uku muna murna yarinya na cinye abincinta tas. Sai malamarsu ta gaya mana Dita ta buɗe kasuwa: cokali uku na shinkafa a bakin yankan burodi ɗaya. Da uwarta ta tsare ta, sai ta ce, "Mama, ai talla nake yi miki. Duk ajin sun ce babu mai girki kamarki." Ba a dake ta ba.

Haka ta girma tana cin abincin dare biyu. Ƙarfe huɗu ta ci a gidan ƙawaye tare da mutanen nan, ƙarfe takwas ta zauna a teburinmu ta ci namu, kuma ban taɓa jin ta ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Ta yi karatun kimiyyar abinci a Trondheim, ta dawo ta shiga masana'antar busar da kifi. Odete ta ce, "Mun kai ki jami'a ne don ki dawo kina shinshina kifi?" Dita ta ce, "Da lasisi, Mama." Bayan shekara uku aka ba ta aikin tantancewa. Takan danna kifi da babban yatsa ta faɗi kwana nawa ya rage masa ya bushe, kuma abin da ta ware a matsayin na ɗaya shi ake lodawa a kai Portugal.

Mu 'yan ƙasarmu da ke nan ba mu fi gida arba'in ba, kuma dukkanmu mun san a nan ake busar da kifin nan. Duk da haka babu mai dafa na nan ranar jajibirin Kirsimeti. Sai wanda ya je gida ya dawo a cikin akwati, tsakanin riguna. Ni kaina na yi shekaru ina ɗauko shi, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Shekarar da aka ƙara mata girma, Dita ta kawo wa uwarta kifin da ta zaɓa da hannunta, mafi kyau a cikin dubbai. Odete ta yi godiya, ta rataye shi a sito, ta dafa wanda ƙanin Dona Custodia ya kawo a akwati. Dita ta ɗauki kwalin da aka naɗo shi ta nuna mata tambarin masana'antarsu. Odete ta duba da kyau ta ce, "To, ai ya je ya dawo. Tafiyar ce ke gyara shi." Dita ta ci ta ƙara. Da shekara ta zagayo, sai ga Baltasar.

An binne ta ranar ashirin ga wata. Kifin ba a ko jiƙa shi ba, yana sito a rataye. Kwana biyu da rasuwar, Odete na zaune a bakin gado ta ce, "An gaya wa Baltasar?" Na ce ba ni da lambarsa. A wajen jana'iza na hango ta ta tare shugabar sashen su Dita tana tambayarta da guntun yaren nan da ta iya. Matar ta ce direbobi suna da yawa, suna zuwa suna tafiya. Na ja Odete gefe na ce fadan coci na nemanta.

Abin da nake tsoro ke nan. Da Dita na raye, ranar da asiri ya tonu za ta rungume uwarta ta yi ta dariya har ita ma ta yi. Yanzu saura ni kaɗai, kuma ni ban iya wannan ba. Abin da zan iya faɗa shi ne: shekara shida 'yarki da mijinki suna yi miki dariya a mota. Ban san abin da wannan zai yi wa abin da ya rage mata na Dita ba, kuma babu hanyar gwadawa a janye.

Duk mako sai ta tambaya. Na ce yana Sifen. Na ce an sauya masa hanya. Ƙaryata ba ta da daɗi irin ta Dita, ba aku, ba gwiwa, kuma Odete ta fara kallona.

Mai gidan haya ya ba mu zuwa ƙarshen Fabrairu. Odete ta sa ranar Asabar, ashirin da biyu ga wata, don kwashe kaya. Ta tanadi kwalaye ta rubuta suna a kan kowanne. A kan ƙaramin ta rubuta Baltasar, ta ce filas ɗin kofin Dita za a sa masa, mai tuƙi yana buƙata. Ta ce ranar Litinin da kanta za ta je ƙofar masana'anta ta tsaya, duk motar da ta fito ta tambaya, har a samu wanda ya san shi.

Ranar Juma'a da rana na je ɗakin ni kaɗai. Na kwashe jaridu goma sha ɗaya, da ƙullin igiya, da sabuwar safar da ke aljihun rigarta, na kai but ɗin mota. Na duba durowa huɗu, da ƙarƙashin gado, da saman kabad. Na rubuta jerin wuraren, na yi wa kowanne alama. Ban rubuta kwandon wanki ba.

Ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya da kwata ina naɗe faranti a kicin, sai na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa banɗaki. Odete na durƙushe a gaban kwandon, da safa ruwan toka a hannu, ta zura yatsa ta wata huda a diddige.

"Anselmo."

"Na'am."

"Wannan saƙata ce."

"Taki ce."

"Ta shekara uku da suka wuce, da na sa shuɗin layi a baki. Me take yi a nan?"

Na zauna a bakin bahon wanka na gaya mata. Na fara daga kwalin mai tambari, na bi shekara-shekara, ban tsallake almakashi ba. Na ce safar Dita ke sa su a cikin dogon takalmin roba a wurin aiki, saboda sanyin siminti, sun yi mata yawa sai ta ninke bakin. Ba ta katse ni ba har na gama.

"Kek ɗin fa?"

"Mun cinye."

"A ina?"

"A mota."

"Kek ɗina. A mota. Kamar ɓarayi."

"Da wuƙa muke yankawa."

"Gwiwar?"

"Babu gwiwa."

"Na kunna wa gwiwar nan kyandir a coci sau huɗu, Injiniya! Matar da ta gudu fa? Na zagi matar nan a gaban mutane!"

"Dita ce ta kore ta."

Ta tashi, ta sa rigar sanyi, ta fita da safar a hannu. Ta taga na ga ta wuce motarmu ta tsaya a wurin jiran bas.

Awa hamsin da ɗaya ba ta yi mini magana ba. Romona yana zuwa kan tebur a kan lokaci, ba gishiri. Haka na sha. Ranar Litinin ƙarfe biyu da rabi ina zaune a falo ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Kifin nan. Ita take zaɓa?"

"Ita. Tun watan Oktoba take ware shi, ta sa masa alama, kullum ta je ta danna."

"Na ce mata katako suke yi."

"Kin faɗa. Kina riƙe da nata a hannu, kina cewa ba ki taɓa ganin irinsa ba. Sau shida."

"Tana jin daɗi?"

"A mota takan sa ni in maimaita mata abin da kika ce, kalma-kalma. Idan na rage wani abu ta gyara mini."

Odete ta sauke hannu daga ƙugu. Sannan ta ce, "Ja'irar yarinya." Ta share hanci da bayan hannu. "Custodia ta sani?"

"A'a."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To ba za ta sani ba. Shekara shida tana cin katakon Norway tana lumshe ido, tana cewa ya tuna mata da gidan kakarta. Ka bar ta." Ta juya za ta koma kicin, ta sake juyowa. "Jaridun suna ina?"

"A but."

"Shigo da su, kada su jiƙe. Kuma ka je wurin shugabar nan tasu ka tambaya wa ya fi iya danna kifi bayan Dita."

Ranar Laraba muka koma muka gama kwashe ɗakin. Tufafinta mun kai shagon coci, ban da jar rigar sanyi da Odete ta riƙe. Littattafan karatunta na kai wa shugabar sashensu, tare da takalman roba, waɗanda dama na masana'anta ne. Keken ya tafi wurin maƙwabciyarta ta hawa na biyu. Tukwane da faranti Dona Custodia ta raba wa wasu ma'aurata 'yan ƙasarmu da suka iso a watan Janairu. Gado da tebur mai gidan ya ce a bar masa. Safa mun samu biyar da ta sa, duk da huda. Odete ta wanke ta ɗinke su, tana sa biyu, uku suna durowa. Sabuwar ta ba ni, ta yi mini daidai. Kifin da ke sito ta jiƙa shi kwana uku, ana sauya ruwa duk awa takwas, ni ke lura da agogo, muka dafa shi da dankali da kabeji da man zaitun muka ci mu biyu ranar wata Alhamis. Filas ɗin yana cikin ƙaramin kwalin, da sunan a jiki, a saman kabad ɗinmu. Odete ta ce a bar shi nan, kada Custodia ta tambaya, za ta ce mai shi bai zo karɓa ba tukuna.